Tsohon Risho Mai Famfo: Wutarsa Ce Take Faɗin Ciwonsa

A ƙarshen daminar bara muna share ɗakin ajiya na makarantarmu, sai muka ci karo da wani akwatin kwano a bayan karyayyun kujeru. Da muka ɓalle murfin, sai ga risho na tagulla mai ƙafa uku, ya yi baƙi ƙirin, gizo-gizo har ya yi saƙa a kansa. Cikin yaran da suke taimakonmu ba wanda ya san ko mene ne. Wani ya ce fitila ce, wani ya ce abin fesa maganin ƙwari ne. Mu kuwa da muka tashi muna jin rurinsa a teburin mai shayi, nan da nan muka gane shi. An ce mana na wani tsohon malami ne, wanda yakan ɗaure shi a bayan keke in zai zaga ƙauyuka. Da ya yi ritaya sai ya bar shi nan.

Muka yi shawara mu tashe shi, domin muna shirin fita zango da manyan yara a hutun Disamba, masu wurin kuwa sun hana sarar itace. Muka zuba kananzir, muka kunna, wuta ta kama amma ba ƙarfi. Nan fa muka yi kuskuren da yawancin mutane sukan yi. Muka aika aka karɓo mana allurar ɗinki, muka soka a 'yar ƙofar da mai yake fitowa, muka jujjuya don ta buɗe sosai. Da muka sake kunnawa sai wuta rawaya ta tashi wajen kamu guda, ga hayaƙi mai wari, gindin tukunya ya koma kamar an shafa masa kunkunniya. Washegari muka kai shi kasuwa wurin wani dattijo mai gyaran fitilu. Ya ɗaga shi wajen haske ya leƙa, bai ko taɓa famfon ba, ya ce, "Malam, wa ya soka masa allura?" Muka yi tsuru-tsuru kamar yaron da bai yi aikin gida ba. Da kyar muka ce, "Baba, mu ne."

Abin da muka koya a rumfar nan, da wanda muka ƙara koya daga baya da hannunmu, shi muke so mu miƙa wa masu karatu. Gama mun san akwai gidaje da dama da irin wannan risho yake kwance a ƙarƙashin gado ko a bayan rumbu, an yanke masa ƙauna, alhali kuwa abin da yake damunsa bai wuce kuɗin sabulu ba.

Inda ya fito

Asalinsa daga ƙasar Suwidin ne. A shekarar 1892 wani ma'aikacin ƙarfe, F. W. Lindqvist, tare da J. V. Svenson, suka fara ƙera shi a birnin Stockholm da sunan Primus. Dabarar kuwa daga fitilar masu narka darma aka ɗauko ta. Kafin wannan lokaci murhun kananzir na lagwani ne, mai hayaƙi, mai jinkirin dafuwa. Sabon bai daɗe ba ya zama abokin matafiya. Da shi Roald Amundsen na ƙasar Norwe ya yi ta narka ƙanƙara har ya kai ƙarshen duniya ta kudu a 1911, da shi kuma Hillary da Tenzing suka dafa abin sha a hawansu na Dutsen Everest a 1953. Waɗansu kamfanoni na Suwidin, irin su Optimus da Radius, suka yi nasu a kan fasali guda, daga baya aka kwaikwaye shi a Indiya da Sin da sauran wurare. Saboda haka abin da za mu faɗa a nan ya shafi dukansu. A ƙasashen Larabawa da dama babur suke ce masa, don haka in wani ya ce muku ya dafa shayi a kan babur a Masar, kada ku ɗauka ƙarya yake yi. Mu kuma kalmar risho daga Faransanci muka aro ta.

In naku Primus ne na gaske, ku kifa shi ku duba gindin tanki. A da, daga 1911, kamfanin ya riƙa buga harafi a wurin don nuna shekara: A ita ce 1911, B 1912, haka har aka kai Z a 1935, sa'an nan aka koma AA a 1936. Namu AD ne a jikinsa, watau 1939. Ya girmi iyayen kusan kowa a makarantar.

Abu guda da za a riƙe

Wannan risho ba ruwan kananzir yake ƙonawa ba, tururinsa yake ƙonawa. Wanda ya gane wannan ya gane rabin gyara. In aka buga famfo, iska takan taru a saman man da ke cikin tanki, ta danne shi, ya hau ta bututu zuwa kan risho. Kan nan bututu ne lanƙwasassu da suke ratsa tsakiyar wuta. In sun yi zafi, man da ya shiga cikinsu yakan tafasa ya zama tururi, ya sauko ya fita da ƙarfi ta wani ɗan hancin tagulla mai ƙofa ƙarama ƙwarai. Da fitarsa sai ya ja iskar waje, su gauraya, su bugi rufin kan, su bazu su kama da wuta shuɗiya. Wutar nan kuma ita ce take ci gaba da zafafa bututun. Watau risho da kansa yake ciyar da kansa, muddin an ba shi zafin farko.

To, ashe ciwonsa bai wuce wuri uku ba. Ko iska ba ta tsaya a tanki, ko kan bai yi zafi ba, ko kuwa hanyar tururi ta toshe ko ta yi faɗi. Dattijon nan bai taɓa kwance wani abu ba sai ya kunna ya ga launin wuta, ya ji muryarta tukuna.

Kafin a ce ya lalace

Da yawa daga cikin waɗanda ake kawo masa, in ji shi, lafiyarsu ƙalau, masu su ne ba su iya kunnawa ba. Ga yadda ake yi. A zuba mai ta mazurari da ƙyalle mai tsabta a bakinsa, kada ya wuce kashi uku cikin huɗu na tanki, gama iska ma tana bukatar wurin zama. A ɗaure murfin mai, amma ɗan sukurun sakin iska da ke kusa da shi a bar shi a buɗe. A cika ɗan kaskon da ke ƙarƙashin kai da sifirit, a kunna, a kare shi daga iska, a rungume hannu. Kada a taɓa famfo. Sai sifirit ya kusa cinyewa, wajen minti biyu, sa'an nan a rufe sukurun, a buga famfo sau uku ko huɗu a hankali. Za a ji ɗan huci, wuta shuɗiya ta kama. In sifirit ya riga ya mutu, sai a kai ashana saman kai. Bayan minti guda a ƙara famfo gwargwadon wutar da ake so. In za a rage, a ɗan saki sukurun. In za a kashe, a buɗe shi duka.

Me ya sa ake barin sukurun a buɗe tun farko? Domin zafin kasko yakan ɗumama tanki, iskar ciki ta kumbura, ta turo mai tun kan bai yi zafi ba. Ɗanyen man nan shi ne yake tashi da doguwar wuta rawaya mai tsoratar da uwargida. In haka ta faru, maganinta ɗaya ne: a buɗe sukurun iska nan take, a ja da baya. Da iska ta fita mai zai daina hawa, wutar ta cinye abin da ya zubo ta mutu. Kada a ɗauki risho a gudu da shi waje, kada kuma a watsa masa ruwa, gama kananzir yakan hau kan ruwa ya bi shi duk inda ya gangara. In ya malala ƙasa ya kama, yashi ko jiƙaƙƙen buhu za a sa.

Sai a bari ya huce kafin a sake zuba sifirit. Wannan muna roƙonku ku riƙe shi da kyau. Da rana wutar sifirit ba ta ganuwa, mutum yakan ɗauka ta mutu, ya karkata kwalba, wuta ta bi ta shiga. Ku nemi sifirit mai ƙarfi, gama wanda aka tsinka da ruwa don wanke ciwo ba ya ci sosai. Inda babu, ana iya sa ɗan ƙyallen auduga a kasko a jiƙa shi da kananzir, kamar yadda masu shayi sukan yi. Yana aiki, sai dai yakan baƙanta kai, a yi shi a waje.

In iska ba ta tsayawa

A fara da famfo. In aka tura shi ya tafi sulɓu ba tare da ya yi wa hannu gardama ba, fatarsa ce ta bushe. A kwance murfin famfo a zaro sandar. A ƙarshenta akwai 'yar fata mai siffar ƙoƙo, irin ta famfon keke. Hunturu shi ne babban magabcinta. A jiƙa ta cikin man inji ta kwana, da safe a ɗan buɗa bakinta da yatsa, a mayar a hankali kada bakin ya naɗe. Tamu ta riga ta ruɓe, ta marmashe a hannu. Dattijon ya yanko harshen wani tsohon takalmi, ya fitar da da'ira wadda ta ɗan fi bakin bututun faɗi, ya huda tsakiya, ya jiƙa ta da mai, ya danna ta cikin ramin da ya fafe a jikin katako, ya bar ta ta kwana. Da safe ta zama ƙoƙo. Kowane baduku zai iya ba ku guntun fatar da za ta yi wannan aiki.

In famfo yana kamawa amma wuta tana raguwa bayan 'yan mintoci, sai an yi ta bugawa, to iska tana zurarewa ta wani wuri. A juye man duka, a rufe komai, a buga famfo, a toshe ƙofar hanci da yatsa, a nutsa tanki cikin bokitin ruwa kamar yadda mai faci yake yi da tubu. Inda kumfa ta fito nan ne. Galibi robar da ke cikin murfin mai ce ta taurare ta tsage. Mu da farko tubun keke muka yanka muka sa, ya yi mana kwana uku, sa'an nan ya kumbura ya yi laushi kamar tuwo, domin irin wannan roba ba ta jure kananzir. Ku je wurin masu sayar da kayan mota ku ce kuna son roba mai jure mai. In babu, fata mai kauri ta fi tubu.

Akwai kuma ciwon da ya fi waɗannan hatsari. Can ƙasan bututun famfo akwai ɗan bawul, mai siririn sifirin da ɗan toshi kamar ƙwayar dawa. Aikinsa ya bar iska ta shiga, ya hana mai fitowa. In toshin ya tsufa, za ku ga sandar famfo tana tasowa da kanta a hankali bayan kun tura ta, ko kuwa ku zaro ta ku tarar da kananzir a cikin bututun. Risho mai wannan ciwo kada a kunna shi ko sau ɗaya, gama yana iya feso mai ta bakin famfo, wuta kuwa tana nan kusa, hannun mai girki ma yana wurin. Cire bawul ɗin sai da wani dogon mabuɗi mai tsaga a baki. Tagulla ce mai taushi, in aka murɗa da abin da bai dace ba kan zai sule, daga nan sai an narka gindin bututun kafin a fitar da shi. Wannan aiki mu dai muna ganin a bar wa mai gyara.

Ƙofar nan da muka ɓata

Yanzu mu koma ga laifinmu. Faɗin ƙofar hanci a irin babban risho na gida kamar milimita 0.32 ne, watau gashin kai uku ko huɗu in an jera su. A ƙananan na aljihu ma ba ta kai haka ba. Allurar ɗinki kuwa ta ninka wannan, ga ta da ƙarfe mai tauri, hancin kuma tagulla ne. Masu koyar da lissafi sun san cewa in faɗin da'ira ya ninka biyu, filinta ya ninka huɗu. Ko daga 0.32 zuwa 0.40 kawai aka buɗa ta, abin da ido ba zai gani ba, man da zai fita ya ƙaru da fiye da rabi. Iskar da yake ja kuwa ba ta ƙaru haka ba, ga shi kuma ba ya fita da saurin da ya saba. Mai ya yi yawa, iska ta yi kaɗan, sai wuta rawaya da hayaƙi. Mun sha koya wa yara wannan lissafi a kan allo, amma da allura a hannu muka manta da shi.

Hancin da ya buɗe ba ya gyaruwa, sai canji. Waɗansu sukan ɗan bubbuga samansa da guduma don ƙofar ta tsuke, amma takan karkace, wuta ta koma gefe guda. Ana kwance shi da ɗan mabuɗi mai gaɓa wanda yake shiga tsakanin bututun kai. Mu an yi sa'a, dattijon yana da su cikin wani gwangwanin madara, ya ciro daga matattun kawuna. Ku sani kuma ko ba a soka masa allura ba, hanci yakan buɗe da kansa bayan shekaru na tsokaci. In kun zafafa kai sosai, man kuma mai kyau ne, amma bakin wutar bai daina rawaya ba, ku zargi hanci.

Abin tsokacinsa na gaskiya shi ne tsinken risho: ɗan falle na ƙarfe mai siririyar waya a baki, wadda ta ɗan gaza ƙofar. A soka ta a miƙe, sau ɗaya ko biyu, kada a jujjuya, kada a karkata, gama in ta karye a ciki an shiga wani aiki. Lokacin da ya fi kyau shi ne kafin a kunna. In wuta ta ragu ana cikin girki, ko ta koma gefe guda, ana iya tsokata tana ci, amma a riƙe ashana a shirye domin takan mutu. In ta mutu, farin tururin da zai fito kada a bar shi ya cika ɗaki, a kunna nan da nan ko a saki iska. Inda tsinke ya ɓata, sili ɗaya daga wayar birkin keke yakan yi, in an zaɓi siriri wanda yake shiga ba tare da an matsa ba.

In kai ya cushe

Wani lokaci famfo ya yi tauri, tanki cike da iska, an tsokaci hanci, amma wuta tana nan ƙarama, ko kuwa hancin ya riƙa toshewa kowane minti biyar. Wannan gawayi ne ya taru a cikin bututun kai. Duk man da ya tafasa yakan bar ɗan saura, shekara da shekaru sai hanya ta tsuke, ɓarɓashin kuma ya riƙa gangarowa yana toshe ƙofa. Mai datti da man gas na mota su suka fi kawo shi da wuri. Maganinsa, a kwance kan daga tanki da sifana, a cire hanci, a riƙe kan da filaya a gasa shi a garwashi mai ƙarfi ko a kan wani risho har ya fara yin ja kaɗan, a tsoma a ruwan sanyi, a bubbuga a kan katako. Za ku ga baƙin gari yana zubowa. A maimaita har ya daina. Ja kaɗan muka ce, irin wanda sai a inuwa ake ganinsa. In aka bari ya yi jawur, haɗin bututun yana iya saki. Kada kuma a kuskura a gasa shi yana jikin tanki.

Wajen mayarwa, akwai 'yan zobba biyu masu jure zafi, ɗaya a sama da kasko ɗaya a ƙasa. In sun farfashe a sa sababbi, a ɗaure daidai wa daida, ban da nuna ƙarfi. In kun ga 'yar wuta rawaya kamar ta kyandir tana ci a gindin kai, nan ne bai kama ba.

In wuta tana tsalle, ta tashi ta faɗi, ko tana tartsatsi tana tofi, ku duba mai. Ruwa yakan shiga kananzir tun daga durom ɗin mai sayarwa, ya kwanta a ƙasan tanki inda bututu yake sha. A juye duka cikin kwalba mai haske a bar shi ya kwanta, za a ga ruwan a ƙasa. A ɗauraye tanki da sabon mai sau biyu.

Kai kuma iri biyu ne. Akwai mai ruri, wanda yake da zobe buɗaɗɗe kewaye da wuta, shi ne na masu shayi, kuma shi ya fi jure iskar fili. In zoben ya karkace ko ya ɓata, wuta ba za ta daidaita ba. Akwai kuma mai shiru, wanda yake da hula biyu, ta ciki da ta waje mai ƙananan ramuka a jere. Shi wannan daga waje ake kunna shi, wuta ta fito ta ramukan kamar haƙoran matsefi. In ya fara gurnani, hular ta yi ja, to wuta ta koma ƙarƙashin hula ke nan. A kashe nan da nan, a bari ya ɗan huce, a duba ko hulunan sun zauna daidai, a sake. In aka ƙyale shi haka zai ƙone kan cikin ɗan lokaci.

Maganar fetur

Dole mu tsaya a nan, gama zamani ya kawo jaraba. Tun da gwamnatin Nijeriya ta janye tallafin kananzir a 2016 kuɗinsa ya yi ta hawa har ya wuce na fetur, a ƙauyuka da yawa ma samunsa ya zama aiki. Sai mutum ya ce, to, ai duk mai ne. Ba ɗaya ba ne. Kananzir ba ya ba da tururin da zai kama wuta sai zafinsa ya kai wajen digiri 38. Fetur kuwa ko cikin sanyin da ya fi na ƙanƙara tururi yake yi. Ku tuna yadda ake rage wutar wannan risho: sukurun iska ake buɗewa, tazararsa da wuta ba ta kai taƙi guda ba. In kananzir ne a ciki, iska ce take fita. In fetur ne, tururin fetur ne yake fita, kai tsaye zuwa ga harshen wuta, maganin da muka faɗa na doguwar wuta ya zama shi ne ajali. Ko kaɗan aka gauraya hatsarin yana nan. Gurɓataccen kananzir irin wannan ya ƙone mutane da yawa a Legas a 2001, galibinsu mata da yara masu kunna fitila da risho.

In kuna shakkar man da kuka saya, ku sansana, ku ɗiga kaɗan a marfin gwangwani, ku kai shi tsakar gida nesa da jarka, ku miƙa masa dogon kara mai wuta a baki. Kananzir mai kyau ba ya kamawa daga nesa, sai an taɓa shi an jima. In ya yi fuu tun karan bai iso ba, kada ya shiga risho, kada ya shiga fitila.

Tun da muna maganar mai, uwargida, a daina ajiye kananzir a kwalbar lemo. In yaro ya sha, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko madara, gama hatsarin shi ne man ya shiga huhu. A cire masa rigar da ta jiƙe, a kai shi asibiti. Kuma ko wuta ta yi shuɗi yaya, kada a kunna risho a ɗaki rufe ko cikin tanti don jin ɗumi. Akwai iska mai guba da take fita daga wuta, ba ta da wari ba ta da launi, barci take sa mutum.

Tanki da tukunya

Ƙafafun risho da wuyan tanki da darma aka liƙa su, darma kuwa ba ta da wuyar narkewa. Babbar tukunya mai faɗin gindi takan mayar da zafi ƙasa, tanki ya yi zafi, wuta ta ƙaru da kanta, ƙafa ta saki, tukunya ta kife. Wannan risho na butar shayi ne da tukunyar mutum huɗu ko biyar, ba na tuwon biki ba. Haka nan in za a kare shi daga iska da kwano ko duwatsu, a kare gefen da iska take zuwa kawai, a bar tanki yana shan iska. A riƙa taɓa shi da hannu: ɗumi ba laifi, amma in hannu ba ya iya tsayawa a kai, a kashe.

Tsohuwar tagulla kuma takan tsage, 'yan layuka sirara daga sama zuwa ƙasa, mai yana tsattsafowa. Abin da yake gaggauta wannan shi ne warin fitsarin dabbobi. Sojojin Ingila ne suka fara lura da haka a Indiya, inda kwanson harsashinsu na tagulla ya riƙa tsagewa bayan an ajiye shi a bargar dawaki da damina. Saboda haka kada a ajiye risho kusa da turken awaki ko akurkin kaji. Tankin da ya tsage ya gama aiki, gama in an toshe wuri ɗaya wani zai buɗe. A cire kai da famfo da murfi a adana, kada kuma a kai wa mai walda ya sa masa wuta. In ana son ya yi ƙyalli, tsamiya ko lemun tsami da toka sun isa, a ɗauraye sosai a shanya.

Namu dai da aka sa masa sabon hanci, da fata, da robar murfi, muka gwada shi a gaban yara da agogo a hannu. Wuta ta fito shuɗiya ko'ina, tana ruri har sai mun ɗaga murya. Lita ɗaya ta ruwa ta tafasa cikin wajen minti biyar, muka kifa farin kwanon muka shafa gindinsa da yatsa, ba baƙi. Wannan shi ne gwajin da za ku yi wa naku. A zango kuwa sau huɗu muke ɗora buta kowace safiya kafin shayi ya ishi kowa, cikin tanki guda yana kai mu kwana biyu. Da muka dawo muka juye sauran man, muka ɗiga wa fatar famfo mai, muka bar sukurun iska a buɗe domin zafin rana kada ya turo mai ya jiƙa akwatin. Tsinke uku da dattijon ya sayar mana kuwa, mun zura su a waya mun ɗaure a ƙafar risho.